Yadda Na Kai Takalmin Kawu Sakkwato

Tun ranar da na dawo daga Sakkwato ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk fadar da na zauna, kafin a zuba kofin farko sai wani ya ce, "Malam Abdu, wai da gaske ne ka shiga Nijeriya da takalmi ƙafa ɗaya?" Wani kuma ya kama gwiwar hannuna yana duba ƙujewa. Na faɗa, na sake faɗa, har labarin ya fara dawo mini da ƙari. Shekaranjiya wani ya rantse mini wai kwana biyu na yi a ɗaure a bakin iyaka. To, tun da makarantu a rufe suke, mu malamai muna yajin aiki, alli ya huta, bari in rubuta abin yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Dole in fara da Kawu Nomau, don in ba shi ba, me zai kai ni? Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Shekaru masu yawa ya yi yana raba wasiƙu a cikin garin Tawa, kuma da ya ajiye aiki bai daina ba. Direbobin da ke dawowa daga Abijan su kawo masa wasiƙun ƴan ci-rani, shi kuma ya bi gida-gida yana miƙawa, wadda ba ta iya karatu ba ya tsaya bakin zaure ya karanta mata. Ba wanda ya sa shi. Kuma Kawu mutum ne mai gaisuwa. In ya fara gaishe ka, nemi wurin zama, don sai ya tambayi awakin gidanku.

Duk wannan yawon a kan keke ɗaya yake yin sa, wanda wani Bature mai aikin rijiyoyi ya bar masa. Siririn keke ne, ba giya, kuma sarƙarsa a ɗaure take da tayar baya. Muddin taya na juyawa feda na juyawa, kana so ko ba ka so. Ba a sakin ƙafa a gangara a huta kamar sauran kekuna. In za ka rage gudu, da ƙafa za ka riƙa danne fedar, sai ɗan burki guda a gaba. Shi ya sa ake ce wa keken Ba-Hutu, har sunan ya bi mai shi.

Bara da kaka hawan jini ya kayar da Kawu. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, sai ƙafar hagu ta rage da nauyi. Tana takawa, amma idon sawun ba ya jin magana. Lokotoron asibiti ya ce hawan keken nan zai taimaka masa, tun da keken da kansa yake juya ƙafar. Kawu ya ji abin da yake so ya ji, ya hau. Bai kai kasuwa ba ƙafar ta zame, fedar ta zagayo ta sare shi a ƙwauri, ya faɗa bakin lambatu. A amalanke aka dawo da shi.

A ranar, Inna Mariyama, matarsa, ta tura Ba-Hutu ɗakin hatsi, ta datse da kwado, ta ƙulle makullin a bakin zanenta. A gabana ta faɗi sharaɗinta, ba ta ko dubi Kawu ba.

"Sai ran da na ga ƙafar nan ta zauna bisa feda, kuma na ga ya sauka da kansa ba a tarbe shi ba. In ba haka ba, ƙanena na zuwa daga Kalfu kasuwar Lahadin sama, ya tahi da keken, su ɗauki ruwa da shi can."

Inna ba ta magana biyu, duk mun sani. Kawu ya koma kan tabarma ya fuskanci bango. Tuwo ya zo ya koma yadda ya zo. Mutumin da ke tambayar awaki ya koma "lahiya" ɗaya tak. Wallahi abin ya tsorata ni fiye da ciwon kansa.

Wata safiya ya aika a kira ni. Ya ɗaga gefen tabarma ya zaro wani yankin jaridar Faransa, duk maiƙon tsire, da hoton wani ɗan tsere da ƙafarsa a kan wata ƙaramar feda. Na karanta masa. Sabuwar feda ce, ba madauri. Akwai takalminta na musamman da ƙarfe a ƙasa, kana takawa ya shige ya kama, ƙafa ba ta zamewa.

"Wagga nika so," in ji Kawu. "Ba wata ba."

Na zaga masu gyaran keke na Tawa kaf, suka yi ta dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce in ana samun irin wannan, sai cikin kayan gwanjo a Sakkwato. Da na gaya wa Kawu, sai ya cire takalminsa na hagu, irin namu na fata mai faɗin gaba, ya miƙo mini, wai in auna takalmin Turawan da shi. Na ce, "Kawu, ai sai in zana ƙafar a takarda." Ya harare ni ya ce, "Takarda ta taɓa yawo da ni?" Na karɓa na sa a leda, tare da kilishi da cuku, busasshen nonon nan namu mai shatar tabarma a jiki, na tsarabar mai masauki.

A tasha aka ce mota za ta tashi bayan asuba. Har hantsi ya dubi ludayi ba mu motsa ba, ana jiran mutum biyu su cika. Da muka kama hanya na sami kaina tsakanin buhun albasa da wata Hajiya mai fataucin atamfa, ga akuya a ƙarƙashin kujera. Kun san tun da siyasa ta zo, kowace mota majalisa ce. Wasu mutum biyu a bayana, kowa da jam'iyyarsa, suka fara tun daga mafitar gari. Wannan ya ce naku ne suka kashe ƙasa, wancan ya ce naku ne suka sa sefa ta karye har sabulu ya gagari talaka. Na ce yau sai an raba su. Muna isa Badagishiri taya ta fashe, muka sauka, sai ga su can gindin itacen bedi sun raba goro ɗaya suna tambayar juna damina. Da aka gyara muka koma, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Wajen Tsarnawa Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Ɗana, akuyar ga tana cin kayanka." Na duba, ashe ta huda ledar ta kama igiyar takalmin Kawu tana tauna. Na fizge, muka yi ta ja ni da ita, mota duk ta ɗauki dariya, har ƴan siyasar nan suka sami abin da suka yarda a kai. Tun daga nan na rungume ledar a ƙirji har Ƙonni.

Ƙonni kuwa kun san ta. Fetur a kwalabe ko'ina, ƴan canji na kaɗa takardun naira a fuskar mutum, ƴan kabu-kabu na jan hannun riga. Na hau ɗaya ya kai ni bakin iyaka. Wajenmu ba a daɗe ba, aka dubi katina aka ce in wuce. A ɓangaren Nijeriya ne wani ma'aikaci dogo ya buɗe ledata, ya sa bakin biro ya ɗago takalmin.

"Ina ɗayan?"

"Yana Tawa, ranka ya daɗe, a ƙafar mai shi."

Ya dube ni, ya dubi takalmin, ya kira na gaba da shi, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Suka lanƙwasa shi, suka matsa ɗinkin ko an cusa wani abu a ciki, dogon har sansanawa ya yi. Ban ga laifinsu ba. Ko ni aka kawo wa mutum da takalmi ɗaya a rungume, sai na tambaya. Na kwashe labari tun daga hawan jini har makullin Inna na faɗa musu. Dattijon ya ce irin ciwon da ya kwantar da mahaifinsa ke nan, kuma shi bai sake tashi ba. Ya karɓi takalmin daga hannun dogon, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Je ka." Dogon kuma ya ga cuku ya tambayi ko mene ne. Na ɓantara masa, ya tauna ya tauna, ya ce, "Ku ƴan Nijar tabarma kuke ci?" Ɗaurin kwana biyun da ake faɗa ke nan, duka-duka bai kai tafasar shayi ba.

Daga Illela muka shiga ƙaramar mota, an cusa mu har direba da abokin kujera. Abin da ya ba ni mamaki a hanya, kowane gidan mai muka wuce layin motoci ne ba iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi suna barci a inuwar motocinsu. Na ce ikon Allah, a Ƙonni fetur har kwalbar turare, nan da ake yin sa kuma ana kwana a layi. Direba ya ce, "Ai duk ya tafi wajenku ziyara."

A Sakkwato na sauka gidan Alhaji Mamman, mutumin Bambeye, dillalin albasa. Tun yana ɗan ci-rani Kawu ne ke karanta wa tsohuwarsa wasiƙunsa. Na ba shi tsaraba, na fito da takalmin ina bayani. Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Nomau har yanzu bai canza baduku ba." Sai kawai na ga ya sa hannun riga yana share ido. Ya ba ni ɗakin zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci har na ji kunya. Mutanen Sakkwato kusan mu ne, bakinmu ɗaya, sai dai kowa a wurinsu "ranka ya daɗe" ne, har mai tura ruwa. Da safe ne na ga bambanci. Na zaci ƴan kofunanmu uku za a kawo, sai ga wani ƙaton kofi cike da shayi da madara, kauri kamar kunu, da burodi mai laushi mai zaƙi wanda kana matsa shi ya koma dunƙule. Alhaji ya ga ina juya kofin, ya yi dariya, ya leƙa cikin gida ya ce a dama wa baƙo fura.

Yinin farko a banza ya tafi. Na nuna hoton jaridar nan a rumfa fiye da yadda zan iya tunawa. Wani ya kawo mini fedar babur, wani ya ce in dawo jibi ɗan'uwansa na zuwa daga Legas, wani ya karɓi jaridar yana yaba cinyar Baturen. Sai washegari wani mai facin taya ya ce, "Ka nemi Ɗanladi mai tsere, can bayan ƴan gwanjo."

Ɗanladi baƙi ne siriri, da tabo a haɓa, ya yi tseren keke a ƙuruciyarsa. Rumfarsa ƙarama ce, tayoyi na reto a sama. Da na ce masa a Tawa akwai dattijo mai keken da feda ba ta hutawa, sai ya miƙe tsaye.

"A Nijar? Wallahi ɗan'uwana ne! Ga nawa can, da shi nake zaga gari kullum. Duk Sakkwato cewa suke ban da hankali."

Ya jawo wani akwatin ƙarfe ya fito da feda iri biyu ya jera a kan benci. Ta farko ita ce ta hoton, ƙarama, baƙa, tana ƙyalli, ga takalminta mai igiya da tafi mai tauri. Ta biyu tsohuwar yayi ce: feda ta ƙarfe da ɗan keji a gaba inda yatsu ke shiga, da madaurin fata da ke zagaye ƙafa.

"Ni dai wannan nake hawa," ya ce, ya ɗaga baƙar. "A irin kekenmu ba ta da na biyu. Feda na juyawa, kana takawa ta kama, ƙas. Ka danne baya don tsayawa, ƙafa ba ta zuwa ko'ina. In za ka fita, ka murɗa dunduniya waje, shi ke nan. Mai kejin nan kuwa, kullum a kife take, sai ka juyo ta da yatsa alhali tana gudu. In ka bar ta a kife ta riƙa kartar ƙasa. In ka ɗaure madaurin tamau, sai ka sa hannu kafin ka fita. Wahala ce, malam."

Gaskiya zuciyata ta riga ta tafi. Ga abin da Kawu ya ce, ga mai sani ya yaba. Na ɗora takalmin Kawu a tafin na Turawan, suka yi daidai kamar an auna. Na ce a naɗe. Ɗanladi ya ce a'a, ba ya sayar wa mutum abin da bai ɗanɗana ba, in hau nasa in zaga in ji, don in iya koya wa dattijo. Ni ma a kan Ba-Hutu na koyi keke, don haka ban ji tsoro ba. Na sa takalmin, na ɗaure igiya, na riƙe ginshiƙin rumfa na gwada murɗa dunduniya sau uku, ta fita lafiya lau.

Jama'a, daɗi! Ban taɓa jin keke ya zama jikina irin ranar ba. Na bi bayan rumfuna, na shiga wani lungu, ina jin kaina ɗan tseren jarida. Ina shan kwana sai na yi kiciɓis da jana'iza. Ga makara a kafaɗun mutane, ga jama'a a baya sun cika lungun, ana tafe shiru. Mai babur da ke gabana ya kashe ya sauka. Masu shaguna suka miƙe. Ni ma jikina ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro: na danne feda, na kama burki, na ɗaga ƙafa zan sauka. Ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Na ja sama, na ja baya, murɗa dunduniyar nan ta ɓace mini daga kai sam. Keke ya tsaya cak, ya yi ɗan tunani, sa'an nan ya kwanta da ni a hankali, a tsakiyar hanya, a gaban gawa.

Masu makara suka tsaya, don na tare lungun. Ina kwance, ƙafafuna biyu a manne da keke, ina shure-shure kamar ɗaurarren rago. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Wani tsoho ya fito daga cikin jama'a ya tsuguna, ya ja ƙafata, ta ƙi. Sai ya kwance igiyoyin takalman ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙafafuna ya bar takalman a jikin feda. Ya ce, "Sannu, baƙo." Na ja keken gefe na tsaya ba takalmi, jini na bin gwiwar hannuna, har suka wuce. Ban san wanda ya rasu ba, amma har yau ina sa shi a addu'a, don na tsayar da shi a hanyarsa.

Na turo keken na dawo, takalma na reto. Ɗanladi ya fara dariya, da ya ji inda na faɗi ya daina. Ya ce kowa sai ya faɗi sau ɗaya kafin ƙafa ta koya. Na ce Kawu ya riga ya yi faɗuwarsa, ba shi da ta biyu. Sai ya ce in ba shi takalmin dattijon. Wannan karon ba aunawa ya yi ba, dubawa ya yi. Ya shafa gefen da ya cinye, inda ƙafar ke jan ƙasa.

"Yana iya murɗa dunduniyar nan?"

"Ko alwala sai ya sa hannu ya juya ta."

"Daga gidansa zuwa kasuwa, sau nawa yake sauka?"

Na fara lissafi da yatsu. Tsofaffin gindin bedi, ƙofar liman, gidan wanzami, surukan ƴarsa, duk zauren da zai miƙa wasiƙa. Kuma ko'ina sai ya tuɓe takalmi. Yatsun hannu suka ƙare ban kai rabin hanya ba. Ɗanladi ya tambayi ko titunanmu kwalta ne, na ce babbar hanya kawai, saura rairayi. Ya ce rairayi na cushe ƙarfen, wani lokaci ya ƙi kamawa, wani lokaci ya ƙi saki.

Ya mayar da baƙar fedar cikin akwati, a hankali, kamar yana ba ta haƙuri. Ya ɗauko mai keji, ta hagu kaɗai.

"Ƙafa ɗaya ce ba ta da lafiya, ita za a riƙe. Ya sa ta cikin keji tun yana tsaye, kafin ya tashi, ka ga ba ruwansa da juyo feda a guje. Madauri kada a ɗaure, a bar shi sako-sako, ya hana zamewa kawai. Ta dama a bar ta da fedarta, ita ce mai sauka. In ya tsaya, ya ja ta hagu baya, ta fito. Kuma ka sa baduku ya naɗe kejin da fata, don takalminku ba ya rufe yatsu."

Na ce, "Amma ba ita ya aiko ni ba."

Ya ce, "Wannan kuma tsakaninka da kawunka. Ni na fi son waccan, amma ni ba na gaida kowa."

Hanyar dawowa ban ji ta ba. Ma'aikacin nan dogo ya gane ni ya ɗaga murya, "Mai takalmi, an samo ɗayan?" Ko ƴan siyasar motar Tawa ban saurara ba. Tunanina ɗaya, yadda zan shiga gaban mutumin da bai taɓa aikena na sauya masa aike ba, in miƙa masa tsohon ƙarfe guda.

Na iso ranar Alhamis da la'asar. Kawu na kan tabarma, takalmin dama a ƙafa, ta hagu tsirara. Inna ta ce tun tafiyata ya ƙi sa wani, ko na roba na alwala. Bayan gaisuwa ya miƙo hannu, na ba shi takalminsa, ya dubi inda akuya ta tauna, ya sa. Sa'an nan na kwance ƙunshin. Ya dubi kejin ya daɗe.

"Abdu, wagga na aike ka?"

"A'a, Kawu."

"Babu ta can?"

"Akwai. Na gan ta, na hau ta."

Ya juya fuska bango. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na naɗe hannun riga na nuna masa ƙujewar, na ba shi labarin lungu da makara da tsohon da ya kwance mini igiya. Ban rage komai ba. Ina cikin faɗa na ga ya juyo.

"Tsaya. Ka wuce gawa kana bisa keke?"

"Ban wuce ba, Kawu. Faɗuwa na yi."

"Gara da ka faɗi," ya ce. Ya kalli ƙafarsa. "Ke nan in na iske liman bakin ƙofa, sai in ɗaga mishi hannu awa ɗan jam'iyya?"

"Ko ka kwanta a gabansa."

Wani sauti ya fito masa ta hanci. Rabon da in ji dariyar Kawu tun kafin kaka. Ya tura mini kejin da yatsa ya ce, "Kai ma baduku. Ka ce jar fata nika so."

Ranar Asabar da hantsi, ana gobe ƙanen Inna zai zo, na je na roƙi makulli. Ta kwance bakin zane ta ba ni, ta ce aro ne. Na fito da Ba-Hutu, na kakkaɓe ƙaiƙayi, na sa mai a sarƙa, na ɗaura kejin da jar fatarsa. Kawu ya fito da farar riga kamar mai zuwa Idi. Na matsa zan riƙe masa sirdi, Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Kauce. Ba da kai aka yi sharaɗi ba."

Ya ɗora ƙafa ya haye. Ya sa hannu ƙarƙashin gwiwa ya ɗaga ta hagu, ya zura ta cikin kejin. Ya yi bismillah ya tura da ta dama. Keken ya yi tangaɗi sau biyu, zuciyata ta bi shi, sa'an nan ya miƙe. Ƙafar nan da ke jan ƙasa ta shiga zagayawa, sama, ƙasa, ba ta zame ba. Ya nufi ƙarshen layi inda tsofaffi ke zama gindin bedi. Muna hangensa ya rage gudu, ya sa ta dama a ƙasa, ya ja ta hagu baya ta fito, ya sauka. Ya jingine keke, ya tuɓe takalma, ya duƙa. Daga inda muke ba ma jin magana, amma daga daɗewar na san an kai kan awaki.

Inna ba ta motsa ba, ta kama ƙyauren ƙofa da hannu ɗaya. Can ya sake hawa ya juyo. Na zaci zai wuce mu ya nufi kasuwa, sai ya tsaya daidai gabanta. Ya sa ta dama, ya zare ta hagu, ya sauka, ya tuɓe takalma a kan rairayi. Tun da nake ban taɓa ganin Kawu ya sauka daga keke don matarsa ba.

"Mun iske ku lahiya? Ina gajiya? Ina ɗawainiya da mu?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "A'a, Malam, yau kuma ni?"

"Ke kika ce sai kin ga na sauka da kaina. To, ga ni."

Idonta ya cika. Na miƙa mata makullin, tun da aro ne. Ba ta karɓa ba. Ta ce in ciro kwadon in kai garken awaki, can ake bukatarsa. Ta juya ciki tana faɗa, wai tun safe ɗumame ke jiran mutane har ya huce. Kawu ya bi bayanta, takalma a hannu, yana cewa a ƙaro miya.

Abin da ya kai ni Sakkwato ke nan. Wanda bai gamsu ba ya tare Ba-Hutu a hanya gobe da safe ya tambaye shi da kansa. Zai sauka. Sai dai mutum ya nemi wurin zama tukuna.